Yadda Ake Kafa Filin Harbi Mai Aminci a Filinka na Karkara

Mutumin da ya mallaki fili mai faɗi a karkara, yake kuma riƙe da bindiga bisa izinin hukuma, yakan ɗauka cewa abin da ya rage masa kawai shi ne ya kafa allo can nesa ya fara gwada hannunsa. A ganina aikin yana farawa ne daga bayan allon, wato daga wurin da harsashi zai je ya tsaya, domin harsashi bai san iyakar gona ba, kuma da zarar ya bar bakin bindiga babu mai iya kiransa ya dawo. Saboda haka duk shawarar da za ka yanke a kan wannan fili, ka yanke ta kana tunanin harbi mafi muni da za a taɓa yi a cikinsa, irin na baƙon da hannunsa ya yi rawa, ko na wanda ya taɓa kunama tun bai gama ɗaga bindiga zuwa saiti ba. Idan filin ya iya riƙe wannan harbin, to zai riƙe sauran.

Kafin ka sa shebur a ƙasa, ka fara da doka. Ƙasashe sun bambanta ƙwarai a kan wannan batu, har ma a cikin ƙasa ɗaya jihohi da ƙananan hukumomi sukan bambanta. Akwai inda lasisin mallakar bindiga bai ba ka damar harba ta a filinka ba sai da wani izini na daban, akwai inda aka ƙayyade tazarar da dole ta kasance tsakanin mai harbi da gidan zama ko hanyar mota, akwai kuma inda aka haramta abin gaba ɗaya. Ka je wurin hukumar da ke ba da lasisi da wadda ke kula da tsarin filaye, ka yi tambaya, ka nemi amsar a rubuce ka adana ta. Idan kana da inshora a kan filin, ka sanar da kamfanin, domin ba kowace yarjejeniya ce take ɗaukar nauyin haɗarin harbi ba. Idan amsar hukuma ta zama a'a, magana ta ƙare a nan.

Nisan da harsashi ke tafiya

Yawancin mutane suna raina tafiyar harsashi, kuma daga wannan rainin ne mafi yawan kurakurai suke tasowa. Ɗan ƙaramin harsashin nan na .22, wanda ake ba masu koyo saboda rashin ƙarfin dukansa, yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi idan aka harba shi sama-sama. Harsashin ƙaramar bindiga mai milimita 9 yana kaiwa kusan kilomita 2, na doguwar bindigar farauta irin .308 kuwa yana haura kilomita 4. Ƙananan ƙwayoyin harbin tsuntsu ne kaɗai suke faɗuwa a cikin 'yan ɗaruruwan mitoci. Mafi nisan tafiya yana samuwa ne idan bakin bindiga ya ɗagu kimanin digiri 30 zuwa 35, amma ko ɗagawar da ba ta kai haka ba ta isa ta kai harsashi ƙauyen da ba ka hango shi daga inda kake tsaye.

Don haka ka samo taswirar yankin da hoton tauraron ɗan'adam, ka ja layi daga inda kake son tsayawa zuwa inda kake son harbawa, ka miƙa layin har iyakar nisan harsashin bindiga mafi ƙarfi da za a yi amfani da ita, sannan ka buɗa shi dama da hagu kamar mafici. Ka duba duk abin da ya faɗa cikin wannan maficin: gidaje, hanyoyi, gonaki, wuraren kiwo, rijiyoyi, turakun wutar lantarki. Bayan taswira kuma ka taka da ƙafarka, domin taswira ba ta nuna 'yar siririyar hanyar da yara suke bi su yanke, ko inuwar da masu aiki a gonar maƙwabci suke hutawa da rana. Bishiyoyi, komai yawansu, ba kariya ba ce. Daji yana ɓoye maka mutumin da ke cikinsa ne kawai, harsashi kuwa yana ratsa tsakanin itatuwa ko ya daki reshe ya sauya hanya.

Wurin da ya fi dacewa shi ne wanda yake da tudu na asali a bayansa, mai tsayi da gangare sosai, wanda kuma yake cikin filinka har ƙolinsa, yadda babu wanda zai ɓullo a kansa ba da saninka ba. Game da fuskar harbi, a arewacin duniya an fi son mai harbi ya fuskanci arewa, a kudancinta kuma ya fuskanci kudu, don kada rana ta shiga idonsa da safe ko da yamma. Amma idan zaɓi ya kasance tsakanin fuskar da ta fi daɗin gani da wadda babu kowa a bayanta, ka ɗauki ta biyu ba tare da wani dogon tunani ba.

Ganuwar ƙasa

Ko da akwai tudu, kusan kullum sai an gina ganuwa ta ƙasa wadda za ta karɓi harsasai, kuma ita ce zuciyar aikin, ita ce za ta ci mafi yawan kuɗinka da lokacinka. Ma'aunin da aka saba bayarwa ga filayen harbi na sarari shi ne tsayin kimanin mita 6 ga ganuwar baya, da kimanin mita 2 da rabi ga ganuwar gefe biyu da ke fitowa daga gare ta kamar fukafukai. Mutane da yawa sukan ga wannan tsayin ya yi yawa, su tara ƙasa iya kafaɗa su ce ta isa, amma ɗan lissafi kaɗan yana nuna inda matsalar take. Idan bakin bindiga yana mita ɗaya da rabi daga ƙasa, ganuwar kuma tana da mita 6, to saura mita 4 da rabi a sama da layin harbi. Daga nisan mita 25, sai bakin bindiga ya kauce sama da kusan digiri 10 kafin harsashi ya tsallake. Daga nisan mita 100 kuwa, kaucewar da ba ta kai digiri 3 ba ta isa, domin a wannan tazarar kowane digiri ɗaya yana ɗaga harsashi kusan mita ɗaya da kashi uku cikin huɗu. Digiri 3 abu ne da ido ba ya ko lura da shi a hannun mai riƙe da bindiga. Wannan ne ya sa nake ba da shawarar a fara da gajeren fili, kuma duk sabon mai koyo a tsayar da shi kusa da ganuwa har sai hannunsa ya zauna.

Fuskar ganuwar da ke kallon mai harbi tana bukatar gangare mai tsauri gwargwadon yadda ƙasa za ta iya tsayawa ba ta zube ba, wato kimanin digiri 30 zuwa 35, ko a ce kowace mita ɗaya ta tsayi ta ci mita ɗaya da rabi ta faɗi. Idan gangaren ya kwanta da yawa, harsashi yakan shafi fuskar ƙasar ya tashi sama maimakon ya nutse. Wannan ma'auni yana nuna maka yawan ƙasar da ake magana a kai. Ganuwa mai tsayin mita 6, mai faɗin mita 2 a ƙoli, gindinta zai kai mita 20, kuma idan tsawonta mita 15 ne, za ta ci ƙasa kusan kubik mita 1,000, ban da fukafukan gefe. Wannan aikin katafila ne da tifa, baro da shebur ba za su yi shi ba. A zuba ƙasar kashi-kashi ana dannewa, a kuma ƙara tsayi a kan abin da ake nufi, domin sabuwar ƙasa tana zama bayan ruwan sama ya dake ta, kuma ganuwar da aka auna mita 6 ranar gamawa ba za ta kai haka ba bayan shekara guda.

Abin da ya fi komai bukatar kulawa shi ne irin ƙasar da ke fuskar ganuwar. Aƙalla rabin mita na farko, zai fi kyau ma a ce ya fi haka, dole ya zama yashi ko ƙasa mai laushi da aka tankaɗe, babu dutse, babu tsakuwa mai girma, babu ɓaraguzan siminti ko guntun ƙarfe. Cikin ganuwar can ciki ana iya cika shi da ƙasa mai duwatsu, amma fuskar ba ta karɓar wannan rangwame. Na taɓa tsayawa a gaban wata ganuwa da aka yi da ƙasar da aka kwaso daga wurin haƙa, bayan damina ɗaya ta wanke fuskarta. Na tsugunna na ga wani dutse kamar dunƙulen hannu ya leƙo, da wani farin tabo mai ƙyalli a gefensa inda dalma ta goge shi, sai mai filin ya kai ni wajen wata bishiya da ke can gefe, nesa da layin harbi, ya nuna mini sabon rauni a ɓawonta daidai tsayin ƙirjin mutum. Babu wanda ya auna wannan bishiyar. Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar tankaɗe ƙasa a matsayin ƙaramin aiki ba.

Saboda wannan dalilin ne kuma ba na son tsofaffin tayoyin mota a fuskar ganuwa, duk da cewa mutane suna son su saboda arha. Akwai wayar ƙarfe a cikinsu, kuma harsashi mai rauni yana iya dukan roba ya dawo baya. Gungumen itace da bulo da tarin duwatsu duk haka suke. A bayan ganuwar da gefunanta a shuka ciyawa mai riƙe ƙasa don hana zaizaya, a kuma yi wa ruwan sama hanya yadda ba zai taru a gindinta ba.

Ƙasan filin, tsakanin mai harbi da ganuwa, shi ma a share shi daga duwatsu da kututture, kada kuma a bar kududdufi a kan layin harbi, domin harsashi yana tsalle a kan ruwa kamar yadda falalen dutse yake yi idan aka jefa shi a kwance. Ƙasar da ta bushe ta yi tauri, ko wadda sanyi ya daskarar, ita ma tana gocewa da harsashi.

Allon saiti da wurin tsayawa

A kafa allon saiti dab da ganuwa, mita ɗaya ko biyu daga gindinta, a tsayin da zai sa harsashin da ya huda shi ya shiga ƙasan tsakiyar ganuwar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kafa allo a tsakiyar fili don a rage nisa, alhali ganuwar tana can baya. Harsashin da ya huda irin wannan allo yakan daki ƙasa kafin ya isa ganuwa, ya tashi ta inda ba a zata ba. Idan ana son sauya nisa, mai harbi ne zai matsa gaba ko baya, allon ya zauna inda yake. Takarda ko kwali a kan firam na katako mai laushi su ne mafi aminci. Kwalabe da tsofaffin na'urori da gwangwanayen da aka ajiye a ƙasa ba su da wuri a filin.

Wanda yake son allon ƙarfe saboda ƙarar da yake bayarwa, to ya sayi wanda aka ƙera don harbi, irin ƙarfe mai tauri da ake kira AR500, ya rataye shi yana ɗan sunkuyawa gaba kimanin digiri 20 don ɓarɓashin harsashi ya zuba ƙasa. Tazarar da aka saba bayarwa ita ce aƙalla mita 10 ga ƙaramar bindiga da mita 100 ga doguwa, kuma duk abin da maƙerin allon ya rubuta shi ne abin bi. Da zarar fuskar ƙarfen ta yi rami ko ta lotsa, a sauke shi, domin ramin yana iya mayar da ɓarɓashi kan mai harbi.

Wurin tsayawa a yi masa layi bayyananne a ƙasa, da tebur mai ƙarfi, da rumfa idan hali ya yi. Masu kallo da motoci su tsaya a baya, kuma hanyar shiga filin ta kasance ɗaya tak, daga bayan masu harbi. A kewaye wurin da shinge, a kafa allunan gargaɗi da rubutu da hoto a duk inda mutum zai iya ɓullowa, musamman bayan ganuwa, a kuma ɗaga jar tuta duk lokacin da ake harbi, a sauke ta idan an gama, don tutar ta ci gaba da zama da ma'ana a idon mutane.

Ƙara da maƙwabta

A ma'aunin ƙarfin ƙara da ake kira desibel, ƙarar bindiga tana kamawa daga kusan desibel 140 zuwa sama da 160, kuma a wannan matakin harbi ɗaya yana iya yi wa kunne lahanin da ba ya warkewa. Duk wanda ke wurin, mai harbi da mai kallo, ya toshe kunne ya kuma sa tabarau na kariya, kuma idan bindigar mai ƙarfi ce a haɗa abin cusawa a kunne da wanda ake kifawa a kansa. A sarari ƙara tana raguwa da kusan desibel 6 duk lokacin da tazara ta ninka, don haka maƙwabcin da ke nesa ma zai ji ka. Ka je ka same shi tun kafin ka fara gini, ka nuna masa inda harsashi zai tsaya, ku daidaita a kan ranaku da lokuta, ka ba shi lambar wayarka. Mutumin da aka shawarta yakan kira ka idan dabbobinsa za su ratsa ta kusa, wanda aka yi wa ba-zata kuwa hukuma zai kira, kuma yana da gaskiyarsa.

Dalma

Haɗarin dalma ba ya yin ƙara kamar bindiga, ba ya kuma nuna kansa da wuri. Yawancin harsasai dalma ce a cikinsu, kuma duk harsashin da aka harba yana nan cikin ganuwarka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jikin mutum da aka san ba shi da illa, kuma yara ƙanana da masu juna biyu su ne suka fi cutuwa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da jagora a kan kula da dalma a filayen harbi na sarari a shekarar 2001, kuma abin da ta fi jaddadawa shi ne tsamin ƙasa: dalma tana narkewa ta bi ruwa a ƙasa mai tsami, don haka ana son ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, ya zauna tsakanin 6.5 da 8.5. Ka sa a gwada ƙasarka, idan tana da tsami a barbaɗa mata farar ƙasa irin ta noma, a kuma maimaita gwajin lokaci-lokaci. Kada ka gina ganuwa kusa da rijiya ko rafi ko fadama, ka kuma lura da inda ruwan da ya wanke ta yake gangarawa. Kada a yi noman abinci ko kiwo a kanta, kada kuma a bar yara su mayar da ita wurin wasa, ko da an daɗe ba a yi harbi ba.

Bayan an ɗauki lokaci ana harbi a wuri ɗaya, harsasai sukan taru su dunƙule a cikin ƙasar, har sabon harsashi ya riƙa dukan tsoho yana gocewa. A nan sai a jiƙa ƙasar don kada ƙura ta tashi, a sa safar hannu da takunkumi mai tace ƙura, a tankaɗe, a kai dalmar wurin masu sake sarrafa ta da ke da izini, a mayar da yashi mai tsabta. A wurin harbi kada a ci, kada a sha, kada a sha taba, kuma a wanke hannu da fuska da sabulu kafin a taɓa abinci. Tufafin da aka yi harbi da su a wanke su daban da na iyali.

Gobara ma abin tsoro ce a lokacin da ciyawa ta bushe. Harsashi mai ƙarfe a cikinsa yana tayar da tartsatsi idan ya daki dutse ko ƙarfe, mai barin wuta a bayansa kuma yana kunna ciyawa kai tsaye. A shekarar 2017 a jihar Arizona ta Amurka, harbin wani abin saiti mai fashewa ya tayar da gobarar daji da ta cinye kusan hekta 19,000. A nome ciyawar da ke kewaye da allon, a ajiye ruwa da shebur da abin kashe gobara kusa, ranar da iska ke kaɗawa a kan busasshen daji kuma a haƙura da harbin.

Tsarin ranar harbi

Ƙa'idoji huɗu da Jeff Cooper, wani mai koyar da harbi ɗan Amurka, ya yaɗa sun zama ginshiƙi a wurin masu harbi a ƙasashe da yawa: a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, kada a nuna bakinta ga abin da ba a yi niyyar harbi ba, yatsa ya nisanci kunama har sai an yi saiti, sannan a tabbatar da abin da ake auna da abin da ke bayansa. A rubuta su da manyan baƙaƙe a wurin tsayawa, a karanta wa kowane baƙo, ko da ya ce ya shekara talatin yana harbi.

Idan mutum ya fi ɗaya, wajibi ne a naɗa mutum guda mai ba da umarni, wanda shi ba ya harbi a lokacin. Shi ne zai ce a fara, amma kowa yana da ikon ɗaga murya ya ce a tsaya, har yaron da ke kallo, kuma babu mai tambayar dalili sai bayan an tsaya. Kafin kowa ya tafi duba allo, a cire gidan harsasai, a buɗe bindigogi a ga cikinsu fayau, a ajiye su a kan tebur bakinsu na kallon ganuwa, kowa ya ja da baya, kada wanda ya sake taɓa su har sai mutum na ƙarshe ya dawo an ƙirga an ga an cika. Idan aka ja kunama bindiga ba ta tashi ba, a bar bakinta yana kallon ganuwa na aƙalla daƙiƙa 30 kafin a buɗe, domin wani harsashin yakan yi jinkirin tashi. Idan kuma ƙarar ta fito da rauni ba kamar yadda aka saba ba, a dakata a duba bututun, mai yiwuwa harsashi ya maƙale a ciki, kuma harba wani a bayansa yana iya fasa bindigar a hannu. Giya da duk wani abu mai gusar da hankali ba sa shiga filin, haka ma wanda ya zo cikin fushi.

Karkara tana da nisa da asibiti, don haka a ajiye akwatin agajin gaggawa mai ɗauke da bandeji mai yawa da maɗaurin tsayar da jini, a kuma samu aƙalla mutum biyu da suka koyi amfani da shi a hannun masana. A gwada ko waya tana samun sabis a wurin, a rubuta kwatancen filin da lambobinsa na taswira a manna a jikin tebur, a ajiye mota tana fuskantar hanyar fita da makullinta a inda kowa ya sani. Wanda zai yi harbi shi kaɗai ya gaya wa wani lokacin da zai dawo.

Kowace ranar harbi, kafin a fito da bindiga daga jakarta, mai filin ya zagaya bayan ganuwa da ƙafarsa ya tabbata babu mutum ko dabba, ya duba shinge da allunan gargaɗi, sannan ya dawo ya dubi fuskar ganuwar da kyau. Inda ruwa ya yi kwari a cike shi, inda harsasai suka haƙa rami a zuba sabon yashi, duk dutsen da ya leƙo a cire shi a jefar can baya. Sau ɗaya a shekara, bayan ruwan sama ya ɗauke, a sake auna tsayin ganuwar da sandar awo, a rubuta a littafi tare da ranar da aka gwada ƙasa da ranar da aka kwashe dalma, idan ta ragu kuma a ƙara ƙasa kafin a sake ɗaga jar tuta.